Na'ura ta ce ba shi ya rubuta furojet ɗinshi ba, wai har da maganar ɗauri

Abban Sultana: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah lauyoyi da malaman jami'a da ke cikin zauren nan ku taimaka min, wallahi jiya ban runtsa ba. Ƙanena da ke ajin ƙarshe, ba zan faɗi makarantar ba, ya kai furojet ɗinshi kan noman shinkafar rani a fadamar Argungu, sufabaiza ya saka shi cikin wata manhaja wai ta nuna kashi 78 cikin 100 AI, wato ƙirƙirarriyar basira ta na'ura, ta rubuta. An ce ya bayyana gaban kwamitin ladabtarwa ranar Talata, kuma malamin ya ce mishi wannan satar jarrabawa ce akwai dokar da za ta ɗaure shi shekara 3. Tsohuwarmu ta ji har jininta ya hau. Yaron nan da idona na ga yana hawa mashin yana bin manoma gona gona da takardun tambayoyi, ni ke ba shi kuɗin mai. Da gaske ana ɗaure mutum kan wannan?

Ɗan Jega: Wa alaikumus salam. Subhanallahi. Barista kana kusa?

Maman Khalifa: Allah Ya kawo mafita. Amma Abban Sultana ka zaunar da shi ka tambaye shi tsakani da Allah tukuna, yaran nan namu sai a hankali, ɗiyata ko saƙon gaisuwar sallah ba ta iya rubutawa sai ta tambayi manhajar AI ɗin nan ChatGPT

Abban Sultana: Na tambaye shi Hajiya, ya rantse min.

Barista: Salam. Yanzu na fito kotu. Abban Sultana kwantar da hankalinka ka kwantar da na Inna. Dokar da malamin ke nufi tana nan, ita ce dokar maguɗin jarrabawa ta 1999, kuma gaskiya ne tana da zafi, wanda ya kai shekara 18 ɗauri ne na shekara 3 ba zaɓin tara, in malami ne ko mai sa ido a zauren jarrabawa shekara 4, in yaro ne ƙasa da 18 tarar N100,000 ko ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba. Kafin ita ma lokacin mulkin soja a 1984 an yi dokar da ta ce shekara 21. To amma ka karanta abin da ke cikinta, satar takardar tambayoyi ne, shiga jarrabawa a madadin wani, leƙen amsa, tada hargitsi a zaure, sauya sakamako. Waɗanda sunka rubuta ta zauren jarrabawa ke gabansu, ChatGPT kuwa sai ƙarshen Nuwamban 2022 ya fito. Sashe na 36(12) na kundin tsarin mulki ya ce ba a kama mutum da laifi sai laifin yana rubuce cikin doka an fayyace shi an kuma faɗi hukuncinshi. Don haka duk mai son ɗaure ɗalibi kan furojet sai ya nuna ma alƙali layin da ya ce haka, kuma ba kwamitin makaranta ke ɗauri ba, kotu ke yi.

Abban Sultana: Alhamdu lillahi. Ke nan ba abin da za su iya yi mishi?

Barista: A'a hwa, ban ce haka ba. Gidan yari daban, digiri daban. Makaranta na iya soke furojet ɗin, ta maimaita mishi shekara, ta ma kore shi, duk ba ta buƙatar ɗan sanda. Akwai shari'ar Magit da Jami'ar Noma ta Makurdi, Kotun Ƙoli ta yanke a 2005, majalisar jami'a ta ƙi amincewa da kundin digirinshi na biyu, ya kai ƙara, kotu ta ce ba da digiri hurumin jami'a ne. Abin da za ku riƙe shi ne haƙƙin a saurare shi. A 1986 a shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri an kori ɗalibai bayan tarzoma, Kotun Ƙoli ta rushe korar, ɗaya daga cikin dalilan shi ne wanda ya shugabanci kwamitin binciken yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa, kuma abin da anka zarge su da shi manyan laifuka ne da kotu ya kamata ta saurara. To ku duba, in sufabaizan da ya kawo ƙara shi ne kuma zai zauna cikin masu yanke hukunci, ku rubuta ƙorafi tun kafin a zauna, cikin ladabi.

Dakta Anti: Ina karanta ku tun ɗazu. Barista ka yi bayani mai kyau amma bari in faɗi namu ɓangaren don kullum malami ne mugu. Bana ɗalibai 23 nake dubawa furojet ni kaɗai, ban da takardun jarrabawa sama da 400, ga yara ga gida ga wutar da ba ta zama. Yaron da in ya turo min saƙo ba ya iya haɗa jimla biyu ta Turanci sai ya kawo min babi na biyu kamar wani farfesan Ingila ya rubuta, in tambaye shi ma'anar kalma ɗaya a shafin farko sai ya kama sosa ƙeya. Me kuke so in yi? In sa hannu ya tafi ya zama malamin 'ya'yanku ko ma'aikacin asibiti?

Ɗan Jega: Anti gaskiya ne amma ku ma lakcarori kuna amfani da shi ai 😂 akwai wanda ya raba mana handawut ya manta bai goge inda na'urar ta ce mishi ga bayanin da ka nema ba

Dakta Anti: Ban musa ba ƙanena. Ni ma ina amfani da shi wajen tsara darasi, kuma ina faɗa ma ɗalibaina. Wanda ya sayar maku da handawut ɗin na'ura shi ma maguɗi ya yi, har ya fi na ɗalibi muni don shi an biya shi albashi.

Injiniya Zuru: Ni maganar kashi 78 ɗin nan ce ke ci min rai. Jama'a wannan lamba ba kamar gwajin jini ba ce. Manhajar ba ta ga lokacin da yaron ke rubutu ba, abin da take yi kawai ta duba ko kalmomin suna bin juna yadda ake tsammani, in rubutu ya cika sauƙi ba kwana kwana sai ta ce na'ura ce. To wa ke rubutu haka? Mu da munka koyi Turanci a aji, muna haddace jimloli muna maimaitawa. A 2023 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada irin waɗannan manhajoji guda 7 da rubutun ɗalibai 'yan ƙasashen waje masu jarrabawar Turanci, kusan kashi 61 na rubutun da mutane sunka yi da hannunsu an ce na AI ne, na yaran Amurka kuwa kusan duka sun wuce lafiya. Kamfanin OpenAI da kanshi, masu ChatGPT ɗin, ya fito da tashi manhajar ganowa a Janairun 2023, da bakinsu sunka ce kashi 26 kawai take kamawa kuma tana yi ma kashi 9 na rubutun mutane ƙazafi, zuwa Yuli sunka rufe ta. Jami'ar Vanderbilt ta Amurka ta kashe manhajar ganowa ta kamfanin Turnitin a Agustan shekarar. Masu abu sun ajiye, mu nan mun ɗauka muna yanke ma ɗiyan talakawa hukunci da shi.

Maman Khalifa: Ikon Allah. Ashe ita ma boka ce

Injiniya Zuru: Boka ma ya fi ta Hajiya, shi ko ba komai kana iya tambayarshi ina ya gani. Akwai wani malami a Texas da ya kwafi rubutun ɗalibanshi ya tambayi ChatGPT kai ka rubuta wannan? Ya ce eh ni ne. Ya tashi zai kada aji guda. Abin da ko wasiƙar kakanka ka ba shi yana iya cewa shi ya rubuta.

Dakta Anti: Injiniya na yarda lambar ba hujja ba ce, ni ban taɓa kai yaro kwamiti da ita kaɗai ba. Amma tana sa in buɗe ido. Abin da ke kama su a wurina manazarta ne, sai ka ga sunan marubuci na gaske, sunan mujalla na gaske, shekara, shafi, komai tsaf, ka je nema babu wannan takarda a duniya. Wannan ba ruwan manhaja, ƙarya ce a rubuce da sa hannun ɗalibi a shafin da ya ce aikinshi ne.

Barista: Wannan ya ci lauyoyi ma. A 2023 a New York wasu lauyoyi sun shigar da takarda a ƙarar da wani ya kai kamfanin jirgin sama na Avianca, shari'o'i 6 da sunka kafa hujja da su duk ChatGPT ya ƙirƙiro, alƙali ya ci su tarar dala 5,000. Ku lura ba na'urar anka ci tara ba.

Malam Na Gwandu: Assalamu alaikum. Na daɗe ina saurare, ku yi haƙuri in sa baki. Wagga magana tana da fuska biyu kuma kowace addini ya yi magana kanta. Ta farko algus. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya wuce mai sayar da abinci ya sa hannu cikin tarin ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa busasshe a bisa, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Ɗalibin da ya kawo aikin da ba shi ya yi ba ya ce nashi na, ya ɓoye jiƙaƙƙe ƙarƙashin busasshe, ko doka ta kama shi ko ba ta kama shi ba, kuma albashin da zai ci da wagga takarda sai ya yi tunani. Ta biyu ita ta hujja. Ƙa'ida ita ce mai da'awa shi ka kawo shaida, rantsuwa kuwa tana kan wanda ya musa. Malami shi ya yi da'awa. Shaidarshi wa? Na'ura. To a fiƙihu shaida sai an san adalcinshi, an san ya gani da idonshi, ana iya yi mishi tambaya. Injiniya ya gaya muna wanga shaida masu shi ma sun ce yana ƙarya. Alƙalin da ya karɓi irin wanga shaida shi kaɗai ya zalunci mutum ko da a ƙarshe ta bayyana mutumin ya aikata.

Ɗan Jega: Allah Ya gafarta Malam to ita AI ɗin ba ta da zunubi? Ita ta ƙirƙiro ƙaryar fa

Malam Na Gwandu: Ɗana, in akuyarka ta shiga gonar maƙwabci da dare ta ci dawa, akuya aka kai gaban hakimi? Ba mukallafa ba ce, ba ta da niyya. Mai igiya aka nema.

Barista: Malam ya gama magana, mu ma a dokar Final Kod, wato kundin dokar laifuka na Arewa, haka yake, yawancin laifuka sai an haɗa aiki da niyya, kuma na'ura ba ta da ko ɗaya a idon doka. Inda abin ke rikicewa shi ne igiyar a hannun mutum nawa take, kamfanin da ya ƙera, makarantar da ta sayo manhajar ganowa ba ta gwada ta kan rubutun yaranmu ba, malamin da ya dogara da ita, ɗalibin da ya kwafa. Turai sun yi dokarsu ta AI a 2024, sun sa manhajojin da ke tantance ɗalibai ko sa musu ido a jarrabawa cikin masu babban haɗari, dole a bi sharuɗɗa kafin a yi aiki da su. Mu abin da ke hannunmu shi ne dokar kare bayanan jama'a ta 2023, sashe na 37 ya ba mutum haƙƙin kada a yanke mishi hukunci mai nauyi da na'ura kaɗai, yana iya neman ɗan Adam ya duba ya kuma ji ta bakinshi. Abban Sultana ku sa wannan cikin takardarku. Kuma da a ce kotu za a je, sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 sai an nuna kwamfutar da ta fitar da takardar tana aiki daidai, sannan laifi sai an tabbatar da shi ba tare da kokwanto ba.

Mai Kafe: Ni dai in faɗi gaskiya ko za a jefe ni. Shekara 9 ina da shagon buga takardu kusa da wata makaranta, kafin AI ɗin nan furojet nawa anka kawo min na wata jami'a a ce in canza sunan gari da shekara kawai, a cire Funtuwa a sa Yawuri, N30,000 har da bandin. Ba wanda ya taɓa zuwa kwamiti. Masu kuɗi na saye, yanzu talaka ya samu na kyauta cikin waya shi ne anka tuna da doka

Dakta Anti: Mai Kafe kai ne ashe 😅 Allah Ya shirye ka

Mai Kafe: Amin Anti, ai kasuwar ta mutu da kanta, yanzu sai fotokwafi da rijistar JAMB

Barista: Ka gode Allah ba Ingila kake ba. Tun 2022 sun mai da sayar ma ɗalibai aikin makaranta laifi, Ostareliya ta riga su a 2020, can har ɗaurin shekara 2 ana iya yi. Kuma ka lura mai sayarwa sunka nufa, ɗalibin sun bar ma makaranta ta hukunta shi. Ni a ganina nan ne daidai. Inda ɗalibi zai shiga hannun hukuma da gaske kan AI wani wuri ne daban, ya haɗa muryar malami ta bogi yana neman kuɗi ko yana zagin wani, ya haɗa hoton ɗaliba na batsa ya watsa a guruf, ya ƙera takardar sakamako ko rasit ɗin biyan kuɗin makaranta. Wannan dokar laifukan intanet ta 2015 da anka gyara a 2024 na jiranshi, ga jabu da ɓata suna a Final Kod, ga kotunan shari'ar Musulunci da muke da su nan Kebbi da Zamfara tun 2000. Iyaye wannan ya kamata ku ja ma yara kunne a kai, suna yi da sunan wasa.

Maman Khalifa: Wallahi an yi ma ɗiyar maƙwabciyarmu irin wannan na hoton, saura kaɗan aurenta ya lalace, har yau ba ta koma makaranta ba

Malam Na Gwandu: Inna lillahi. Wanga ƙazafi na, babu wasa cikinai. Amma in koma kan karatu, ni abin da ke ba ni mamaki da boko shi ne yadda takarda ta fi mutum daraja. Mu a zaure ba ka cewa ka sauke littafi sai ka zauna gaban malam ka biya, ya tsai da kai ya ce mi anka nufa nan, in ka yi shiru ka koma. Malam Abdullahin Gwandu littafi guda ya rubuta yana lissafa malaman da ya ɗauki karatu gare su, wane na karanta kaza wurinshi, wane kaza. Ilimi da sanadi. Yaro ya faɗi inda ya ɗauko, ko na'ura ta, sannan a zaunar da shi a tambaye shi. Minti goma sun isa a gane.

Dakta Anti: Allah Ya gafarta Malam minti goma sau 400 fa? Amma a furojet kam gaskiyarka, shi ya sa ake difens, wato ɗalibi ya kare aikinshi gaban malamai, sai dai mun mai da shi bikin ɗaukar hoto da rabon lemo. Laifinmu ne kuma har yau ban ga an ba ɗalibanmu takarda ɗaya da ta ce ga abin da ya halatta ga wanda bai halatta ba. Wani malami ya ce ko gyaran nahawu haramun ne, na ofis ɗin kusa da shi ya ce ku yi amfani da shi ku dai faɗa. UNESCO ta fitar da jagora kan wannan tun Satumban 2023, mu muna nan muna jiran a kafa kwamiti.

Abban Sultana: Jama'a na dawo. Bayan maganar Anti kan manazarta na kira shi na ce ya kawo kwamfutar mu duba tare. Kunya ta ishe ni. Babi na 3 da na 4 nashi ne, ga takardun tambayoyi 120 cike da rubutun hannu wasu har da taɓon laka, ga littafin da yake lissafi, ga hotunanshi da manoma a waya. Amma babi na 2 ya amsa cewa lokaci ya ƙure mishi ya sa ChatGPT ya haɗa, mun nemi takardu 14 da ya ambata mun samu 9, biyar babu su. Sauran babukan kuma ya ce ya saka ne a gyara mishi Turanci. Rantsuwar da ya yi min wai cewa ya yi shi ya yi binciken, ba cewa ya yi shi ya rubuta kowane layi ba. Hajiya Maman Khalifa kin fi ni sanin yaran zamani.

Maman Khalifa: Ayya. Kar ka yi mishi zafi da yawa, kuma kar a faɗa ma Inna yanzu

Injiniya Zuru: To ka gani, na'urar ta ce 78, gaskiyar magana babi ɗaya ne cikin biyar. Ta yi daidai da ta yi zargi, ta yi kuskure a awo, kuma da lambar za a bi da an haɗa da guminshi na fadama an zubar.

Ɗan Jega: Barista to yanzu ya musa ko ya amsa? Tunda ba su da hujja sai lamba

Barista: A matsayin lauya ba zan ce ya je ya yi ƙarya ba, kuma ko ta dabara ma ba ta ɓullewa, duk ɗan kwamitin da ya nemi takardun nan biyar ya gama da shi, daga nan ba wanda zai sake yarda da babi na 4. Ya rubuta bayani shafi ɗaya, ga abin da na yi da hannuna ga shaidarshi, ga inda na yi amfani da AI, na yi kuskure a babi na 2 ina roƙon a ba ni dama in sake. Ya nemi a yi mishi tambayoyi kan binciken nan take. Ya nemi kwafin rahoton manhajar da kuma dokar makaranta da anka ce ya karya, a rubuce. Kar ya sa hannu kan wata takarda da ta ce ya amsa laifin satar jarrabawa, kalmar nan ta fi abin da ya yi girma. Ka turo min ta akwatina in duba kafin ya kai.

Malam Na Gwandu: Kuma ya je ya ba malaminai haƙuri shi kaɗai kafin Talata, ba da ɗan rakiya ba. Malamin ya wuce wuri da maganar ɗauri, amma ba ƙarya ya yi mishi duka ba.

Dakta Anti: Da ni ce a kwamitin, yaron da ya zo da takardu 120 masu laka ya kuma faɗi gaskiya, babi na 2 zan ce ya sake a gabana cikin laburare, in rage mishi maki. Amma ban san su wa za su zauna ba, ka shirya ma ranka ko da ƙarin zango ɗaya ne.

Abban Sultana: Na gode ƙwarai jama'a, Allah Ya bar zumunci. Barista zan turo bayan isha'i in an kawo wuta, kwamfutar ta mutu muna gama neman ta goma sha huɗun. Mai Kafe in an ce ya sake, nawa za ka yi min bandin kwafi huɗu?

Mai Kafe: Kawo kawai yaya, kuɗin takarda za ka biya. Amma babi na 2 kam ba ni ba shi